Faifan Barmo

Cadakori, 9 ga Afrilu, 1961

Zuwa ga taubashina Maharazu, mai gyaran rediyo a Yamai.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ina aiki, ina zafi? Ina Amina da yara? Mu nan lafiya lau, sai jiran ruwa. Maigidana Sanda ya gama sharar gona, yana gaishe ka. Gwaggonka, wato Inna, tana nan, amma tarin da ya kama ta tun lokacin sanyi bai sake ta ba, ƙafafunta kuma suna kumbura da yamma. Mun kai ta likita a Maraɗi, sun ba ta ƙwayoyi, ta sha rabi ta ce sauran a ajiye wa masu ciwo.

Kada ka nemi wanda ya rubuta mini wannan takarda, hannuna ne. Shekara huɗun da na yi a lakol, makarantar boko, ba su tafi a banza ba, ko da yake kai kullum cewa kake kan ɗiyar gwaggo ba ya ɗaukar karatu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kana ƙarami Kawu ya tafi da kai Yamai, amma na san ba ka manta Yaya Barmo ba, babban wanmu da aka ɗauka soja. Kafin jirgin ruwa ya kwashe su zuwa yaƙin Faransa a ƙasar Indosin, a wani gari da ake kira Marsai, ya shiga wani ɗan ɗaki inda mutum ke magana a zuba maganarsa a faifai. Ya ba wani soja mai dawowa gida ya kawo mana. Faifan ya iso da kaka, takardar rasuwarsa ta biyo baya da bazara. A lokacin babu mai garmaho ko ɗaya a wajenmu. Baba ya ce a ajiye sai an samu, shi ma ya rasu ba a samu ba. Yau shekara tara ke nan, ba wanda ya san abin da Yaya ya faɗa a ciki.

Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin Inna don a sake jinka, sai na gan shi a ƙarƙashin kwanukanta, naɗe cikin ƙyalle. Na ɗauko shi na kai ɗakina. Inna tana kallona, ba ta ce komai ba, ba ta ma tambaya.

Maikuɗi mai kanti a Gidan Rumji yana da garmaho irin wanda ake murɗawa da hannu, ya ce zai ba mu aro. Sanda ya ce a karɓa. Ni na ce a'a, muna da ɗan'uwa wanda sana'arsa ke nan, bari mu ji ta bakinsa. Ka zaɓa mana garmahon da ya dace, na sayar da tunkiyata saboda haka. Haladu direba zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa.

Taubashiyarka kuma uwargijiyarka,
Habi

*

Yamai, 14 ga Mayu, 1961

Zuwa ga Habi, wadda ta iya rubutu a ƙarshe.

Na samu takardarki, na yi murna ƙwarai. Muna lafiya, Amina tana gaishe ki, ƙaramin ya fara haƙori ya hana kowa sakat. Ki gaishe da Sanda. Allah ya ba Gwaggo sauƙi, ki matsa mata ta shanye maganin nan. Tunkiyarki kuwa ki sayi wata, ni ba a sayar da dabba don a aike ni.

Abu na farko, kuma ki karanta wa Sanda shi sau biyu: kada ku kusanci garmahon Maikuɗi da faifan nan. Na san irinsa. Kansa nauyi gare shi, allurarsa ƙarfe ce, an yi shi ne don tsofaffin fayafayan nan masu tauri waɗanda ke fashewa in sun faɗi. Faifan da mutum ke zuba magana a cikin ɗan ɗaki ba haka yake ba. Falle ne na ƙarfe ko kwali, aka shafa masa wani abu mai taushi a sama, a cikin wannan taushin maganar take. Allurar ƙarfe tana tafe tana kankare ta. Sau ɗaya zai yi magana sosai, na biyu da ƙyar, wataƙila ma tun a na farkon ya kware.

Garmaho iri uku ne a kasuwa yanzu. Akwai irin na Maikuɗi, mun gama da shi. Akwai mai aiki da wutar lantarki, wanda a Cadakori sai dai ki ɗora tulu a kansa. Sai kuma sabon yayi mai batir shida irin na tocila. Allurarsa ɗan mitsitsin dutse ne, kansa ba nauyi, kuma yana da gudu uku, 33 da 45 da 78, mutum ya zaɓa. Wannan nake so. Na ga guda biyu a wani kanti, ban gamsu da su ba, ɗaya yana rawa in yana juyi. Mai kantin ya ce wasu na tafe daga Kwatano bayan damina.

Ki duba mini: wace lamba aka rubuta a tsakiyar faifan? Yana lanƙwasuwa? Akwai tsaga ko inda ya ɓare? Kada ki taɓa fuskarsa da yatsa, ki riƙe shi ta gefe.

Abin da ya fi ma, ki ba Haladu shi ya kawo mini. Ina da aboki mai akwatin ɗaukar magana a zare. Sau ɗaya za mu sa faifan, mu kwashe muryar, daga nan ko jikokinmu sai su ji.

Na karanta inda kika ce Gwaggo ba ta ce komai ba, ba ta ma tambaya. Gaskiya abin ya sosa mini rai, ɗa guda kamar Barmo. Amma kowa da irin zuciyarsa, wataƙila ta daɗe da haƙura. Tunda ita ba ta matsu ba, mu ma kada mu yi gaggawa mu ɓata abin da ba shi da na biyu. Ni ma aiki ya yi mini yawa, an ba shagonmu aikin ɗaura lasifikoki na bikin cika shekara da samun mulkin kai. Mu bar shi zuwa kaka.

Naki, wanda ya fi ki,
Maharazu

*

Cadakori, 20 ga Yuni, 1961

Maharazu,

Bayan gaisuwa. An yi ruwan shuka, gero ya tsiro, alhamdu lillahi. Inna ta daina zuwa rijiya, daga ɗaki sai gindin itacen bedi. Ka gaishe da Amina.

Amsar tambayoyinka: an rubuta 78. Ba ya lanƙwasuwa. Ta gefe ana ganin farin ƙarfe, ya ɗan ɓare wuri ɗaya kamar faɗin farce, can bakin-baki.

Yanzu ka saurare ni. Wallahi Yamai ta cinye ka. Na karanta takardarka sau uku, kowane karo raina sai ya ƙara ɓaci. Wai Inna ta haƙura, wai ba ta matsu ba! Ashe sai na tuna maka Yaya Barmo ɗan fari ne? Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. In zai wuce ta tsakar gida sai ta sami abin dubawa a cikin tukunya. Ranar da aka karanta takardar rasuwarsa tana daka, ba ta ajiye taɓarya ba sai da ta gama, mata suna ta yaba mata. Amma tun daga ranar ba ta sake bin hanyar da motar soja ta ɗauke shi ba. In za ta gidan suna a wannan unguwa sai ta zaga ta bayan gari, ko da rana ta take.

Mace irin wannan kake jira ta buɗe baki ta ce a sa mata muryar ɗanta? In ta tambaya ta kunyata kanta. In ni na tambaye ta na kunyata ta. Da na rubuta maka ba ta ce komai ba, na ɗauka za ka gane, don duk wanda ya tashi a nan zai gane. Laifina ne da na manta da wanda nake magana.

Bari in gaya maka abin da zai tayar maka da hankali. Faifan nan yana ƙamshin man shanu, ƙyallen ma duk ya jiƙe da maiƙo. Ashe duk shekara in sanyi ya shigo sai ta fito da shi ta shafa masa mai, yadda ake yi wa fata don kada ta tsage. Shekara tara tana yi ba wanda ya sani. Na san za ka dafe kai. Ni kuka na yi.

Tun ranar da ta ga na ba Haladu takarda, duk ranar kasuwa sai ta ce, "Habi, motar Haladu ta zaka?" In na ce me za ki yi da ita, sai ta ce gishiri take jira. Gishiri kuwa ga shi nan rabin buhu a ɗaki.

Saboda haka faifai ba zai je Yamai ba. Na mayar mata da shi ƙarƙashin kwanukanta, don na lura ba ta cin abinci sosai tun da na ɗauke. Kuma ga wani abu da za ka sa a lissafinka na zaɓe. Inna ba za ta zauna gaban garmaho ba, ko da sarki ya ce ta zauna. Mu za mu taru a ƙofar ɗakin Sanda kamar abin namu ne, ita tana bayan zana tana harkarta. Dole muryar ta tsallake zana ta same ta, kuma kunnenta na hagu ya yi nauyi. Na Maikuɗi dai ana jin sa tun daga bakin kasuwa. Naka mai ɗan dutsen fa?

Kada ka ce kaka. Ban san ko tana da kaka a gaba ba.

Habi

*

Cadakori, 11 ga Agusta, 1961

Maharazu,

Muna gaisuwa. Yau kwana hamsin da na rubuta maka, ban ji daga gare ka ba. Ko fushi ka yi da maganata, ko bikinku ne bai ƙare ba, Allah ya sani. Mun ji ana ta kaɗe-kaɗe a Maraɗi, mu nan muna noma na biyu.

Inna ta kwanta kwana shida. Ta tashi, amma sai an riƙe ta take fita gindin bedi. Ta daina tambayar motar Haladu, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Na yanke shawara. In kasuwar Gidan Rumji ta ci sau biyu ban ga saƙonka ba, Sanda zai ɗauko na Maikuɗi a kan jaki. Na ji duk abin da ka ce game da allurar. In sau ɗaya ne, to sau ɗayan nata ne. Jikoki su yi haƙuri, ba su san shi ba.

Wani malamin lakol mai tafiya Yamai zan ba wannan, don an ce gulbi ya cika, ban san inda Haladu yake ba.

Habi

*

Yamai, 27 ga Agusta, 1961

Habi, 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Sanda, ina yi wa Gwaggo sannu. Mu lafiya.

Ban yi fushi ba. Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni, shekaranjiya. Motar Haladu ta lalace a hanya, ruwa kuma ya yanke gada, ya yi wata biyu yana jiran ƙarfen gyara da takardarki a aljihu. Na karanta ta Yuni a tsaye a bakin shago, na karanta ta Agusta, sai na kasa komawa ciki. Kin yi gaskiya, Yamai ta cinye ni. Ni da Barmo ya sha ɗauka a wuya zuwa kallon kokawa, na zauna ina auna zuciyar Gwaggo da abin da ta faɗa da baki. Na ji kunya ƙwarai.

Na lissafa kwanaki, na ga wataƙila kasuwa biyun sun riga sun wuce. In kin sa shi a na Maikuɗi, ban ga laifinki ba ko kaɗan, nawa ne. In kuma Allah ya sa ba ki sa ba, ga abin da Haladu ke ɗauke da shi.

Da na riga na ware wani tun watan jiya, ƙarami, kansa ya fi na kowanne rashin nauyi. Amma muryarsa ba ta wuce tabarma ɗaya, sai mutum ya matso ya kasa kunne. Don faifai na zaɓe shi, ban zaɓa don Gwaggo ba. Jiya na mayar na ɗauko wani. Wannan kansa ya ɗan fi nauyi, zai ci faifan fiye da wancan, amma ba kamar allurar ƙarfe ba. Abin da ya sa na ɗauke shi, lasifikarsa a cikin murfi take, murfin kuma yana cirewa. Na ƙara masa waya mai tsawon taku goma sha biyar daga ragowar wadda muka ja a filin biki. Akwatin ya zauna wurinku, murfin ki rataye shi a jikin zana ta wajen kunnenta na dama. Ba sai ta matso ba, ba kuma sai unguwa ta ji ba.

Man shanun nan kuwa, na dafe kai kamar yadda kika ce. Ki wanke shi da ruwan randa da ɗan sabulu kaɗan, da sabuwar auduga, kina bin zagayen layukan a hankali. Kada ruwa ya shiga inda ya ɓare. Ki jingine shi a inuwa ya bushe, rana ko kusa.

Ki kai ɗan maɓallin kan 78. Allurar tana da fuska biyu, ki juya ta wajen da na ɗiga jan fenti. Na sa wani faifan waƙa a ciki, da shi za ki koyi ɗora allura har hannunki ya saba. Kada ki yi gwaji da na Barmo. Ban san sau nawa zai yi magana ba, wataƙila goma, wataƙila ashirin.

Ki rubuto mini ko me ya faru, ko da mara daɗi ne.

Maharazu

*

Cadakori, 14 ga Satumba, 1961

Zuwa ga taubashina Maharazu.

Gaisuwa da godiya. Gero ya fara nuna, an fara cin tumu. Sanda yana gaishe ka, ya ce a gaya maka ka fita kunya. Jikin Inna yana nan yadda yake, ba gaba ba baya.

Sanda ya ɗauko na Maikuɗi kamar yadda na ce. Kwana uku ya yi a ɗakina. Na sa ɗaya daga cikin fayafayan Maikuɗi don in ga yadda yake yi, da ya gama na shafa bakin allurar, sai ga baƙin gari a yatsana. Na fito da na Yaya, na riƙe shi a kan akwatin, na kasa ɗorawa. Kullum sai in ce gobe, kullum kuma in ji tarin Inna sai in zagi kaina in zage ka. Rana ta huɗu da hantsi muka ji ƙahon motar Haladu.

Na wanke shi yadda ka ce. Da na je ɗaukarsa daga ƙarƙashin kwanuka Inna ta juya fuska bango, wai barci take. Na koyi ɗora allura da faifan waƙarka har Sanda ya ce ya haddace ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka yi. Ban gayyaci kowa ba, daga ni sai Sanda sai Baba Bakari, ƙanen Baba, wanda ya raka Yaya har bakin mota ranar da aka tafi da shi. Na fitar da Inna gindin bedi na ba ta audugarta da mazari. Ta ga ina rataye murfi a zana, ta ce, "Mi na na wanga kuma?" Na ce kayan Maharazu ne, ya ce a bar su su sha iska. Ta ce, "Yaron ga dai bai taɓa hankali ba." Ta gyara zama, ta juyo da kunnen dama.

Da farko sai ƙara kawai, shuu, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na ce shi ke nan, man shanu ya gama da shi. Sai muka ji an yi gyaran murya. Maharazu, gyaran muryar kaɗai ya isa. Baba Bakari ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Ya yi sallama. Ya ce shi ne Barmo, yana magana daga bakin teku, ana sanyi amma an ba su riguna masu kauri. Yana sauri, ka ji an gaya masa lokaci kaɗan ne. Ya gaishe da Baba, ya gaishe da kaka, ya gaishe da Baba Bakari ya ce a kula masa da gonar fadama. Ya ce Habi ta dage da lakol kada ta gudu. Har kai ya ambata, ya ce in an rubuta wa Kawu a gaishe da Maharazu mai kunnen zomo. Ya bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina jin allura tana matsowa tsakiya, bai ambaci Inna ba, kuma na san shi ma ba zai iya kiran ta kai tsaye ba.

Sai ya yi shiru, har na ɗauka ya ƙare. Sannan ya ce, a hankali, ba da muryar da ya gaishe da sauran ba, "Ku gai da mai ɗakin tsakiya. Ku ce mata ina cin abinci ina ƙoshi. Ku ce mata layar da ta sa a ba ni tana wuyana, na san ita ta aiko. Ku ce mata ta yahe mini."

Faifan ya ci gaba da shuu. Ba wanda ya motsa. Ni dai ina tunanin wa zai tashi ya zaga bayan zana ya isar da saƙon nan, da wane baki kuma. Sai muka ji ta daga can, da ƙarfi, irin muryar da take kiran awaki da ita tun tana da lafiya:

"Ba sai kun hwaɗi ba. Na jiya. Na yahe."

Da na zaga na same ta tana kaɗi, zaren duk ya tsinke, tana ta murza mazari haka nan. Na juya na koma wajen su Sanda.

Da magariba na zo cire murfin, ta ce in bar shi nan, wai yana tare mata rana. Tun ranar kullum bayan la'asar sai ta ce a fitar da ita gindin bedi, ni kuma sai in ɗora allura. Jiya na shida ke nan, ƙarar ta fara yawa a wajen gaisuwar Baba. Na san abin da hakan ke nufi, kai ma ka sani. Ka aiko da batir ta hannun Haladu, kada kuma ka rubuto mini sau nawa ya rage.

Taka har kullum,
Habi